Wa Ya Ce Suƙurat Ya Ce?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a Facebook da WhatsApp, da Turanci da Larabci, har an fara juya ta zuwa Hausa. Wai Suƙurat, masanin falsafar nan na Girka da 'yan boko suka fi sani da Socrates, ya koka cewa yaran zamani sun lalace, ba sa ganin girman na gaba, ba sa tashi idan babba ya shigo, sai son jin daɗi da musu da iyaye. Mai turawa kan ƙara da cewa, "Kun gani ko, ashe ba yau farau ba." Maganar ta yi wa dattawa daɗi a kunne. Illa iyaka Suƙurat bai faɗe ta ba. Masu bin diddigi sun gano asalinta a wani nazari da wani ɗalibin Jami'ar Kambirij mai suna Kenneth Freeman ya yi, aka buga a 1907, inda ya tattara irin ƙorafin da mutanen Atina na da suke yi kan matasansu, ya zuba shi cikin kalmominsa. Daga baya wani ya ɗauka ya rataya wa Suƙurat, don sunansa ya fi nauyi. Haka ma waccan da ake jingina wa Aristo, wato Aristotle, shi ma masanin falsafar Girka, cewa mutum shi ne abin da ya saba yi, nagarta kuma ɗabi'a ce: Ba'amurke Will Durant ne ya tsara ta a 1926 yana taƙaita ra'ayin Aristo, ba lafazin Aristo ba ne.

A wurinmu, idan aka ambaci falsafar Girkawa, mutane biyu ne ke fara ɗaga murya. Ɗaya yana ado da ita, yana liƙa hoton gunkin wani mai gemu da jimla guda a ƙasa don a san ya waye. Ɗayan kuma da jin sunanta sai ya ce a'uzu billahi, kafirci ne tsagwaronsa, wanda ya taɓa ta imaninsa ya tafi. Suna ganin kansu abokan gaba, amma ni ban ga wani babban bambanci a tsakaninsu ba, domin dukkansu ba su buɗe littafin ba. Waɗanda nake son in kare su ne mutane na uku, waɗanda ba a jin ɗuriyarsu: masu nazarin da ke ƙarar da rayuwarsu wajen tantance wa ya faɗi me, a wane littafi, ta wace hanya maganar ta iso gare mu, kuma me take nufi a bakin mai ita. Ina ganin wannan aiki ya cancanci a kashe masa kuɗi, kuma ina ganin muna da kaso a cikinsa da ba mu karɓa ba.

Shi Suƙurat ko baƙi ɗaya bai rubuta ba. Kotun Atina ta yanke masa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya sha guba ya mutu. Abin da aka sani a kansa ya zo ne galibi ta hanyar mutum huɗu, kuma ba su yi ittifaƙi ba. Aristofanis, mai wasan barkwanci, ya fito da shi a dandali tun yana raye, a 423 kafin miladiyya, a matsayin ɗan damfarar da ke koya wa mutane dabarar cinye bashi. Zenofon, wanda soja ne, ya nuna shi a matsayin dattijo mai nasiha, har da shawarar yadda za a tafiyar da gida da gona. Aflatun, wato Plato, babban almajirinsa, ya sa masa manyan ra'ayoyi a baki, waɗanda Aristo ya nuna cewa wasunsu na Aflatun ne, ba na malaminsa ba. Shi kuwa Aristo an haife shi ne shekara 15 bayan mutuwar Suƙurat. To wanne ne Suƙurat na gaske? Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya san irin wannan ciwon kai, ruwayoyi sun saɓa, sai an duba mai ruwaya, da kusancinsa da wanda ya ji daga gare shi, da abin da zai iya sa shi ya ƙara ko ya rage. Bambancin shi ne Girkawa ba su bar wani ilimin isnadi ba. Abin da ya rage a hannu shi ne takardu, su ake yi wa tambaya.

Su ma takardun, sai ka ga tazarar da ke tsakani za ka san girman aikin. Aflatun ya mutu wajen 347 kafin miladiyya. Ɗaya daga cikin mafi tsufan kundayen littattafansa da ake dogara da su an kwafe shi ne a 895 miladiyya, wani marubuci mai suna Yohana ya rubuta wa wani malamin coci, Aretas, a kan jemammiyar fata. An biya tsabar zinari 21, wato 13 ladan rubutu, 8 kuɗin fata. Kundin ya ƙare a wani gidan ibada a tsibirin Patmos, daga can wani Bature ya ɗauko shi a 1801, yanzu yana ɗakin karatu na Bodleian a Oksfod. Sama da shekara 1,200 ke nan tsakanin alƙalamin Aflatun da wannan kwafi, kuma a tsakani hannu nawa ya bi, Allah kaɗai Ya sani. Mai kwafi yakan gaji, ido ya tsallake layi, ko ya ɗauki sharhin da wani ya yi a hashiya ya cusa cikin matani. Masu tahƙiƙi kan jera kwafe-kwafen su kwatanta. Idan kwafi biyu suka yi kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, an san kakansu ɗaya ne, da haka ake fitar da nasabar takardu har a matso kusa da asali. Lambobin nan da ake gani a gefen shafin littattafan Aflatun, irin su 21d, daga bugun Stephanus ne na 1578 a Janeba. Na Aristo daga bugun Bekker ne na 1831 a Balin. Amfaninsu shi ne duk wanda ya ce "Aflatun ya ce", sai a ce masa kawo lamba, kowa ya je ya duba da kansa a kowane harshe.

Na magabatan Suƙurat ya fi wannan muni. Babu littafin ko ɗaya daga cikinsu da ya iso gare mu cikakke. Gutsattsari ne da wasu marubuta na baya suka ambato, wani don ya yaba, wani don ya yi raddi. Bajamushe Hermann Diels ne ya tsince su ya tara a 1903, ya ware abin da ake ganin lafazin mai magana ne da abin da labari ne kawai wani ya bayar a kansa. Waƙar Farmanidis, ɗaya daga cikin waɗannan magabata, wadda ta tayar da muhawarar samuwa da rashi da har yau ba a rufe ba, baiti wajen 150 ne suka rage daga cikinta, kuma babban kaso mun same shi ne albarkacin wani mai sharhi a ƙarni na 6 miladiyya, Simfilikiyus, wanda ya ce zai kwafe baitocin da tsawo saboda littafin ya yi wuyar samu. Shekara dubu ne tsakaninsa da mai waƙar. Da ya yi ƙyuya ranar, shi ke nan. Wani lokaci kuma sa'a ce zalla: littafin tsarin mulkin Atina da ake danganta wa Aristo ya ɓace ɗaruruwan shekaru, sai ga shi ya ɓullo daga rairayin Masar, an rubuta shi a bayan takardar lissafin wata gona, aka buga shi a Landan a 1891.

Wani zai ce, to idan an yi kuskuren jingina magana, sai me? Amsar tana cikin tarihin Musulmi kansu. A Bagadaza, a ƙarni na 9 miladiyya, a da'irar masanin falsafar nan Alkindi, an fassara wani littafi zuwa Larabci da sunan Usulujiya, aka ce na Aristo ne a kan sanin Ubangiji. A cikinsa akwai bayanin cewa halittu suna kwararowa ne daga Ɗaya mataki-mataki, hankali, sannan rai, sannan duniyar da ake gani. Littafin ya yi tasiri ainun. Ibnu Sina ya yi masa sharhi, masana da yawa sun karanta shi a matsayin ƙololuwar tunanin Aristo. Sai a ƙarni na 19 masu nazari suka tabbatar da cewa ba na Aristo ba ne ko kusa. Sassa ne na rubutun Aflutin, wato Plotinus, wanda ya mutu a 270 miladiyya, kusan shekara 600 bayan Aristo, kuma bin tafarkin Aflatun yake yi. An yi shekaru aru-aru ana ƙoƙarin sulhunta Aristo da maganar da bai taɓa yi ba.

Wannan ya shafi yadda muke karanta rigimar Imamu Gazali da masu falsafa. Gazali ya kama su da mas'ala 20, ya kafirta su a uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba sai a dunƙule, da musun tashin jikkuna. Ta farkon, gaskiya ra'ayin Aristo ne, babu ɓoye-ɓoye. Amma tsarin da Gazali ya fi kai wa hari na Farabi ne da Ibnu Sina, wanda ya gauraya Aristo da Aflutin, kuma wannan na daga cikin ƙorafin Ibnu Rushd da ya zo yin raddi daga Andalus, cewa an ɗora wa magabata abin da na baya suka ƙirƙira. Ba sai ka goyi bayan Ibnu Rushd ba kafin ka yarda cewa wanda zai yi hukunci a wannan shari'a yana bukatar ya san wace magana ce ta wa. Kuma Gazalin da ake kafa hujja da shi don a hana karatu, shi da kansa ya ba da labarin cewa ya ɗauki kusan shekara biyu yana karanta littattafansu a lokacin hutunsa, alhali yana koyar da ɗalibai 300 a Bagadaza, sannan ya ƙara wajen shekara yana juya abin a ransa, domin a ganinsa raddi kafin fahimta harbi ne cikin duhu. Ibnu Taimiyya, wanda ya fi shi tsanani har ya rubuta littafi guda a kan rushe manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, duk wanda ya leƙa littafin zai ga mutumin da ya san abin da yake rushewa ciki da bai. Masu sukar wancan zamani sun yi karatu. Da yawa daga cikin na yau sun gaji fushin ne kawai.

Su ma masu fassarar Bagadaza ba wasa suka yi ba. Hunainu ɗan Ishaƙa, likita Kirista da ya mutu a 873, ya rubuta cewa ya nemi wani littafin Jalinus, shahararren likitan Girkawa, a kan hujja, ya bi Jazira da Sham da Falasɗinu da Masar har Iskandariyya, bai samu ba sai wajen rabinsa a Dimashƙa. Al'adarsa ce ya tara kwafi da yawa na Girkanci ya gwama su kafin ya fara fassara, wato aikin nan dai da masu tahƙiƙi ke yi yau a jami'o'in Turai. Sakamakon haka, akwai littattafan Girkawa da asalinsu ya ɓace, sai a Larabci suka rayu, kamar wasu risalolin Iskandar na Afrodisiya, babban mai sharhin Aristo. A wasu wuraren kuma fassarar Larabci an yi ta ne daga kwafin da ya girmi duk wani kwafin Girkanci da ke hannu yanzu, don haka mai gyara matanin Aristo a Jamus dole ya nemi wanda ya iya Larabci ya tambaye shi.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, masanin manɗiƙi ne, ya yi rubutu a kansa. Da ya ji Imamu Suyuɗi a Masar ya haramta fannin, sai ya aika masa da waƙa yana kare shi, Suyuɗi ya mayar da amsa da waƙa, kuma Ahmad Baba na Tumbutu ya adana labarin. Ga kuma Ahalari, littafin da kusan duk almajirin zaure ke fara fiƙihu da shi, a koyi alwala da ƙabli da ba'adi. Marubucinsa, Abdurrahman al-Akhdari, shi ne ya tsara waƙar Sullamu a kan manɗiƙi yana ɗan shekara 21. A cikinta ya kawo saɓanin malamai kan hukuncin koyon fannin: Ibnu Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a koya, shi kuma ya rinjayar da halasci ga mai kaifin hankali da ya san Alƙur'ani da Sunna. Idan ka bi jijiyar Sullamu za ta kai ka ga Isaguji, ɗan littafin manɗiƙi na Abhari, daga nan zuwa ga gabatarwar da Farfuriyus, almajirin Aflutin, ya yi wa manɗiƙin Aristo a ƙarni na 3. Malamin da ke zaune kan buzu yana rarrabe jinsi da nau'i da fasali, da kayan aikin Aristo yake aiki, ko ya ambaci sunansa ko bai ambata ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan ra'ayina ita ce ta tukunya. Ƙasar da asibitocinta ke neman likitoci, ɗalibai ke zama a ƙasa, ina ita ina koyon harshen da aka daina magana da shi? Har masu kuɗin ma ja da baya suke yi. A 2021 Jami'ar Howard a Amurka ta rushe sashenta na nazarin Girka da Rum, kuma a shekarar ce Jami'ar Princeton ta daina wajabta wa ɗaliban fannin koyon Girkanci ko Latin. Ban raina wannan hujja ba, kuma ba na cewa a buɗe sashe a kowace jami'a. Sai dai mu lura da abin da aka yanke a Princeton, wato harshen, alhali shi ne ƙashin bayan aikin. Wanda bai iya karanta matani ba, duk iya bakinsa, a hannun mai fassara yake.

Akwai kuma masu cewa waɗannan mutane ba abin koyi ba ne. Gaskiya ne Aristo ya rubuta cewa wasu mutane bayi ne a ɗabi'arsu, ya kuma ɗauki mace a matsayin wadda ba ta kai namiji ba, kuma a muhawarar Bayadolid a Sifen, a 1550, an kafa hujja da maganarsa don halasta danne mutanen asalin nahiyar Amurka. To amma nazari ba mubaya'a ba ne. Masu nazarin ne ma suka fito da waɗannan sassa fili, suka nuna inda hujjarsa ke tangal-tangal, har da cewa shi da kansa ya ambaci mutanen zamaninsa da ke ganin bauta zalunci ce. Mai ado da zantuka ba zai taɓa turo maka wannan shafin ba.

Nazari na gaskiya yakan ɓata mana rai mu ma. Akwai labarin da matasan Afirka da yawa ke so, wanda wani littafi na 1954 ya yaɗa, cewa Aristo ya wawure iliminsa ne daga babban ɗakin karatu na Iskandariyya. Aristo ya mutu a 322 kafin miladiyya, ɗakin karatun kuwa sarakunan gidan Baɗalimus ne suka kafa shi bayan haka. Bai yiwuwa mutum ya saci abin da ba a gina ba. Abin da ke da tushe ya ishe mu: Girkawa da bakinsu sun yarda Masar ta girme su a ilimi, Hirodotus ya faɗa, Aflatun ma ya kawo labarin wani limamin Masar yana ce wa Solon, mai tsara dokokin Atina, su Girkawa har kullum yara ne.

Kada kuma a ɗauka fannin ya ƙare, ba sauran abin ganowa. Lokacin da dutsen Besubiyus ya yi aman wuta a 79 miladiyya, ya binne wani gida a garin Hakulaniyum na Italiya da ɗaruruwan naɗaɗɗun littattafai, suka zama gawayi. An tono su a shekarun 1750, mafi yawan waɗanda aka iya warwarewa na wani masanin falsafa ne mai suna Filodimus, mabiyin Abiƙur, wato Epicurus, da yawa kuma an bar su a naɗe don taɓa su kan sa su rugurguje. A 2023 aka sa gasa, aka ɗauki hoton cikinsu da na'ura ba tare da an buɗe ba, matasa suka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen gano tawada a jikin gawayin. A farkon 2024 wasu uku, cikinsu har da wani ɗan Masar, Yusuf Nadir, suka ci kyautar dala 700,000 bayan sun fito da haruffa sama da 2,000 daga naɗi guda. Amma kwamfuta haruffa ta fito da su, a jere ba tazara, wasu rabi, wasu sun goge. Sai da aka kira mutanen nan da ake cewa karatunsu ba ya kawo abinci, su ne suka raba kalmomi, suka cike giɓi, suka ce bayani ne a kan jin daɗi, da ko ƙarancin abu yana ƙara masa daɗi, da misalin abinci da kiɗa.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Fannin da ke nazarin yadda ilimin Girkawa ya shiga Larabci yana bukatar mutumin da ya iya harsunan biyu, irin aikin da Abdurrahman Badawi na Masar ya yi wajen fito da tsofaffin fassarorin Aristo, da wanda Dimitri Gutas ya yi a Jami'ar Yale. Masu wannan haɗi 'yan kaɗan ne a duniya, kuma yawancinsu Turawa ne da suka fara da Girkanci, suka sha wuya kafin Larabci ya zauna musu. Mu kuwa muna da samari da 'yan mata a Kano da Sakkwato da Zariya da Damagaram da suka haddace Alfiyya, suka karanta Sullamu, suka san nahawu da balaga tun ba su kai ashirin ba. Sun riga sun ci rabin tafiyar, kuma rabin da ya fi wuya. Jami'ar Ibadan tana da sashen da ke koyar da Girkanci da Latin tun zamanin kafuwarta, ana kuma koyar da fannin a Legon da Kef Kos a Gana, don haka matakin farko ba sai an ƙetare teku ba. A cikin malaman jami'a da TETFund ke ɗaukar nauyin ƙarin karatunsu, a ware gurbi biyu ko uku ga 'yan sashen Larabci da za su koyi Girkanci su yi digirin digirgir a wannan fanni, da sharaɗin su dawo su koyar. Aikin farko da zan ɗora musu shi ne su fassara jawabin da Aflatun ya ce Suƙurat ya yi a gaban kotu zuwa Hausa, kai tsaye daga Girkanci, da lambobin Stephanus a gefe, daga 17a zuwa 42a, da hashiya mai nuna inda ruwayar Zenofon ta saɓa. Shafi 25 ne kacal.